Tambaya: Me hukuma take yarda a cire kafin a lissafa harajin kamfaninmu?

Abu Sadik:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san harkar haraji su duba mini wannan lissafi. Kamfaninmu limitet ne mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ni da ƙanena ne masu shi, muna sayar da tayil, fenti da bututun ruwa a Ƙofar Ruwa. Shekarar lissafinmu daga Janairu zuwa Disamba take. So nake in ƙiyasta harajin 2026 don in riƙa ware kuɗin a hankali, kada a zo nema alhali kuɗi duk suna cikin kaya.

Ga abin da nake hasashe zuwa ƙarshen shekara, ban sa VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, a ciki ba. Ciniki naira miliyan 240. Kayan da muka saro miliyan 205. Albashin yaran shago miliyan 9.6. Hayar shago da sito miliyan 6, ta shekara biyu muka biya a Janairu. Mai, wuta da gyaran mota miliyan 5.4. Dako da kuɗin mota miliyan 2.5. Cajin banki da kati da data dubu 700. Mun sayi ƙaramar motar kai kaya miliyan 24, janareta miliyan 5, kantoci da tebura miliyan 2. Akwai wani ɗan kwangila da ya riƙe mana miliyan 3 tun bara. Mun shiga shekara da kayan miliyan 30 a sito, ina ganin za mu fita da na miliyan 38.

Ni da na tara na ɗebe, asara ma nake gani ta fiye da miliyan 20. Wani ya ce mini a sabuwar doka ƙaramin kamfani ba ya biyan ko sisi, wani kuma ya ce in shirya kashi 30. Wanne zan kama?

Akantan Bompai:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowanne cikinsu ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma na biyun ne ya shafe ka.

Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe wa ƙaramin kamfani harajin riba. Amma ƙarami a wurinta shi ne wanda cinikinsa na shekara bai wuce miliyan 100 ba, kuma kadarorinsa na dindindin ba su wuce miliyan 250 ba. Ciniki ake dubawa, ba riba ba. A nan 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa da Singa da Kwari suke yawan ruɗewa, domin mutum yana iya juya miliyan 240 ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, ya ɗauka shi ƙarami ne. A wurin doka kun haura. Matakin tsakiya na kashi 20 da ake da shi a da, na masu ciniki tsakanin miliyan 25 da 100, shi ma babu shi yanzu. Saboda haka kashi 30 ne a kanku, sai kuma kashi 4 na harajin raya ƙasa, wanda ya maye gurbin harajin ilimi na TETFund da wasu ƙananan haraji da ake karɓa daban-daban.

Asarar da kake gani kuwa ta samo asali ne daga ɗaukar duk kuɗin da ya fita daga hannunka a matsayin abin cirewa. Ba haka ake yi ba. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kaya tukuna. Ba abin da ka saro ake cirewa ba, abin da ka sayar ne. Kayan farkon shekara miliyan 30, a ƙara sari miliyan 205, a ɗebe ragowar sito miliyan 38, ya zama miliyan 197. Wannan ne kuɗin kayan da suka fita. A ɗebe shi daga miliyan 240, ribar kaya miliyan 43 ke nan, ba 35 da za ka samu in ka ɗebe sarin miliyan 205 kawai ba. Shi ya sa ƙidayar sito ta ranar 31 ga Disamba take da nauyi sosai. A ƙirga a rubuta a farashin sari, ba na sayarwa ba. Tayil da suka farfashe da fentin da ya daskare a ware musu takarda daban, a ɗauki hoto, mai kula da sito ya sa hannu, sannan a saukar da darajarsu zuwa abin da za su iya kawowa.

Haya: miliyan 6 ka biya, amma miliyan 3 ce ta 2026. Ragowar sai lissafin 2027.

Mai da wuta da gyara: ma'aunin doka shi ne kuɗin ya tafi kacokan wajen nemo kuɗin shigar kamfani, ba a haɗa shi da wata buƙata ba. In akwai man motar gida ko dizal ɗin janaretan gida a cikin miliyan 5.4 ɗin, a fitar da su. Bari in ɗauka miliyan 1.2 na gida ne, sai ka gyara da adadinka na gaskiya. Saura miliyan 4.2.

To yanzu: albashi 9.6, haya 3, mai da wuta 4.2, dako 2.5, banki 0.7. Jimla miliyan 20 cif. Daga 43 saura miliyan 23. A kan wannan adadin ake ɗora kashi 4 ɗin, wato naira 920,000.

Sai mota da janareta da kantoci, inda lissafinka ya fi karkacewa. Waɗannan kadara ne, ba a cire su gaba ɗaya a shekara guda. Ragin darajar da akanta yake rubutawa a littafi shi ma hukuma ba ta karɓarsa, mayar da shi take yi cikin riba, ta ba ka nata rangwamen na kadara. A sabuwar doka aji uku ne: gine-gine kashi 10 a shekara, injuna da kayan ofis kashi 20, motoci da manhajar kwamfuta kashi 25. Mota miliyan 24 za ta ba ka miliyan 6, janareta miliyan 1, kantoci dubu 400. Jimla miliyan 7.4. Haka za ka riƙa ɗauka kowace shekara har su ƙare, sai kashi 1 na kuɗin kadarar da ake bari a littafi har ranar da aka sayar da ita.

In ka ji wani ya ce motar nan za ta ba ka miliyan 15 a shekarar farko, da tsohon tsari yake aiki. A da akwai rangwamen farko na kashi 50, sannan kashi 25 na ragowar. An soke na farkon.

Miliyan 23 a ɗebe 7.4, saura 15.6. Kashi 30 nasa naira 4,680,000. A haɗa da 920,000, abin da za ka shirya ya kama miliyan 5.6. In ka raba wata goma sha biyu, kusan dubu 470 ne a wata.

Bashin ɗan kwangila ban sa shi ba da gangan. Jinkirin biya bai mayar da bashi matacce ba. Sai ka nuna cewa cinikin ya shiga lissafin kamfani tun farko, ka nuna wasiƙun neman biya, wasiƙar lauya ko takardar kotu, da shawarar daraktoci a rubuce cewa an haƙura. In an yarda da shi zai rage maka kusan miliyan 1.02. In kuma mutumin ya biya daga baya, kuɗin ya koma riba a shekarar da ya biya. Ware wani kaso haka kawai da sunan ko wani zai ƙi biya, wannan ba a karɓa.

Wani bambanci da za ka riƙa cin karo da shi: sabis, taya, batir, fentin shago, duk gyara ne, ana cirewa a shekarar. Amma ƙara ɗaki a sito ko ɗora bene kadara ce, kashi 10 a shekara. Kuɗin fili kuwa ba shi da rangwame ko kaɗan.

Maman Ihsan:

Lissafin Malam daidai yake. Sai dai miliyan 5.6 ɗin nan adadi ne na wanda takardunsa suka cika. Ranar da jami'an hukumar NRS, wadda a da ake kira FIRS, suka zo bincike, duk abin da ba shi da shaida mayar da shi suke yi cikin riba, kuma kowace naira ɗari da aka mayar za ta ci maka naira 34, ban da tara da kuɗin jinkiri.

Alhaji, fara da motar nan. Sabuwar doka ta ce kadarar da ba a biya mata kuɗin kwastan ko VAT ba, alhali ya wajaba, ba ta samun rangwame. Idan motar ta shigo ta bayan fage, ko takardar kwastan ɗinta ta wata mota ce, miliyan 6 ɗin nan ta tafi, haka na shekaru ukun da ke biye. Sannan a duba sunan wa ke jikin takardun. In da sunanka aka yi rajista ba da na kamfani ba, za a ce taka ce. A yi takardar sayarwa daga kai zuwa kamfani, a canza suna.

Wannan ƙa'ida ta shafi sari ma. Kayan da doka ta ɗora wa VAT, mai sayarwa kuma ya kai matsayin karɓa amma bai karɓa ba, ana iya ƙin cire kuɗinsu. Miliyan 197 ne mafi girman abin da kake cirewa, saboda haka ko kashi goma aka ƙi, an ƙara maka harajin da ya fi duk wanda Malam ya lissafa. Ka riƙa karɓar rasit mai sunan kamfaninku, da sunan mai sayarwa da lambarsa ta biyan haraji, wato TIN, da VAT a rubuce daban. Guntun takardar da yaron shago ya rubuta "tayil katan 200" ba tare da suna ba, ba ta tsayawa. Idan kuna shigo da tayil daga Sin da kanku, ku sani kuɗin da aka kashe da dala ana mayar da shi naira ne a farashin hukuma na Babban Banki. In kun sayi dala a Wapa da tsada fiye da haka, bambancin naku ne.

Dako kowa ya san 'yan dako da masu kura ba sa ba da rasit. Kamfani ne zai buga tasa takardar biya, bauca, mai lamba a jere. A rubuta kwanan wata, sunan wanda aka biya, aikin da ya yi, lambar mota in akwai, adadi, ya sa hannu ko ya dangwala. Shugaban 'yan dako a tura masa ta banki in zai yiwu. A cika ta a ranar. Bauca ɗari uku da aka zauna aka cike da biro ɗaya da rubutun mutum ɗaya a mako guda, mai bincike yana gane ta tun daga shafi na biyu.

Albashi kuma ba a yarda da shi da baki. Ana son jadawalin albashi na kowane wata da shaidar an tura harajin ma'aikata, PAYE, ga hukumar tara haraji ta Jihar Kano kafin 10 ga watan da ke biye. Yanzu naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji, don haka ƙananan yaran shago abin da za a yanka musu kaɗan ne ko babu, amma sunayensu su shiga jadawalin. In kuna zuba musu fansho, kashi 10 na kamfani abin cirewa ne, kashi 8 kuma daga albashinsu yake fita.

Sai hayar da kuka biya. Doka ta ce ku yanke kashi 10, wato dubu 600, ku ba mai gida miliyan 5.4 da rasit ɗin yankan. In mai gidan mutum ne, abin da kuka yanke hukumar haraji ta jiha za ku tura wa, in kamfani ne ta tarayya. Yawancin masu gida ba sa yarda, sai ɗan haya ya biya daga aljihunsa. In kun yi haka, dubu 600 ɗin ba a cirewa, domin harajin wani kuka ɗauka. In kuma ba ku yanke ba sam, akwai tarar kashi 40 na abin da ya kamata ku yanke. A sa maganar a yarjejeniyar haya tun kafin a biya ta gaba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma wannan yanka yana yi muku amfani. Kamfanonin gini da ma'aikatun gwamnati da kuke kai wa kaya suna yanke muku kashi 2. In cikin cinikinku akwai miliyan 40 irin wannan, dubu 800 ke nan da kuka riga kuka biya. Ba daga riba ake cire ta ba, daga harajin kansa ake cirewa, miliyan 5.6 ta koma 4.8. Ku bi su ku karɓi rasit, ku tabbatar da lambar TIN ta kamfani aka tura, ba taka ta ƙashin kanka ba. Kuɗi masu yawa suna maƙalewa a nan saboda kuskuren lamba ɗaya.

VAT na kashi 7.5 kuwa ba naku ba ne, riƙo kuke yi. Kuna karɓa a kan ciniki, ku ɗebe wanda kuka biya a sari, ku tura ragowar kafin 21 ga wata mai biyowa. Yanzu har wanda kuka biya a kan janareta da ayyukan da aka yi muku kuna iya ɗebewa. Amma wanda aka ɗebe a nan kada a sake sa shi cikin kuɗin kashewa, cirewa biyu ke nan.

Ɗan Fagge:

Ni a ganina hanya mai sauƙi ita ce a raba kamfanin uku: ɗaya na tayil, ɗaya na fenti, ɗaya na bututu. Kowanne cinikinsa miliyan 80, duk sun faɗa ƙarƙashin 100, haraji sifili. Rajista a CAC ba ta da wata tsada. Me zai hana?

Akantan Bompai:

Malam Ɗan Fagge, abin da zai hana shi ne hukuma tana da ikon yin watsi da duk tsarin da ta ga an ƙirƙira ne don kauce wa haraji kawai. Kamfani uku a shago ɗaya, sito ɗaya, yara ɗaya, daraktoci ɗaya, POS ɗaya, ba sai an yi dogon bincike ba. Bayanan CAC da na banki duk suna komawa kan BVN da NIN na mutum biyun nan. In aka haɗe su, harajin shekarun baya za a nema da tara a kai. In rabuwar ta gaskiya ce, ƙane ya ware da jarinsa da shagonsa da littafinsa, wannan daban.

Kuma sifili ba ya nufin an huta. Ƙaramin kamfani ma dole ya shigar da bayanansa kowace shekara. Rashin yin haka tarar dubu 100 ce a watan farko, dubu 50 kowane wata bayansa. Kamfani uku, tara uku. Akwai kuma manyan masu saye da suka fi son mai ba su rasit da VAT don su ma su ɗebe nasu, to in ka zama ƙarami a takarda kana iya rasa su.

Abu Sadik:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Motar da sunana take, zan gyara. Saura abu ɗaya. Ni da ƙanena ba mu da albashi, in buƙata ta taso daga asusun kamfani muke ɗiba: kuɗin makarantar yara, cefane, zakka, bara har da Umara. Waɗannan fa? Sannan wani lokaci 'yan uwa suna turo kuɗi ta asusun don in saya musu wani abu.

Maman Ihsan:

Alhaji, ko ɗaya ba a cirewa. Makaranta, cefane da Umara buƙatunka ne. Zakka ma farilla ce a kan dukiyarka, ba kuɗin nemo ciniki ba ce, ka fitar da ita daga rabonka. Gudummawa ana cire ta ne kawai in an ba irin cibiyoyin da doka ta amince da su, da rasit, kuma tana da iyaka ta kashi 10 na riba. Abin da aka miƙa a ɗaurin aure ko aka ba maƙwabci ba ya ciki.

Abin da ya fi muku shi ne ku yanka wa kanku albashi a rubuce, tunda aiki kuke yi a shagon. Ɗauki miliyan 6 a shekara ga mutum ɗaya, dubu 500 a wata. PAYE ɗinsa: dubu 800 ta farko babu komai, miliyan 2.2 mai biye kashi 15 ya ba da dubu 330, ragowar miliyan 3 kashi 18 ya ba da dubu 540. Jimla dubu 870, ka tashi da miliyan 5.13. In gidan haya kake, akwai rangwamen kashi 20 na hayar, iyakarsa dubu 500, wanda zai ƙara rage shi. Shi kuma kamfani miliyan 6 ɗin ta fita daga ribarsa, harajinsa ya sauka da miliyan 2.04.

Kwatanta da barin kuɗin a matsayin riba. Kamfani ya biya miliyan 2.04 a kai, saura 3.96, in za a raba muku a sake yanke kashi 10, ka tashi da miliyan 3.56 da 'yan kai. Tazarar ta haura miliyan ɗaya da rabi a kan mutum ɗaya. Sharaɗi shi ne daraktoci su zauna su rubuta shawarar, a riƙa biya wata-wata ta banki, a tura PAYE a kan lokaci, adadin kuma ya yi kama da abin da za a biya manaja a irin wannan shago. Kada a jira Disamba a rubuta albashin shekara a dunƙule. A lura kuma albashi daban ne da alawus ɗin zaman darakta, shi wannan kashi 15 ake yanke masa.

Abin da kuka riga kuka ɗiba bana, akanta ya buɗe masa shafi da sunan kowannenku a matsayin bashin da kamfani yake bin darakta, a riƙa biya daga albashi ko daga rabon riba.

Kuɗin 'yan uwa kuwa a daina shigar da su asusun kamfani daga yau. Mai bincike yana tara duk abin da ya shigo asusu a shekara ya kwatanta da cinikin da kuka bayyana. In banki ya nuna miliyan 270 ku kun ce 240, miliyan 30 ɗin za a ɗauke ta ciniki ne da aka ɓoye, a nemi VAT da harajin riba a kanta, sai kun kawo shaidar kowace shiga ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka riga suka shiga, a fitar da bayanan asusun yanzu, a yi wa kowacce alama, a ajiye saƙon wanda ya turo da shaidar abin da aka saya masa. Haka in kai ne ka zuba kuɗinka don a cike sari, a rubuta takardar rance tsakaninka da kamfani a ranar.

Wa'adin shigar da lissafi wata shida ne bayan rufe shekara, wato 30 ga Yunin 2027 a naku, kuma biyan ma kada ya wuce ranar. Ku ba akanta takardu tun Fabrairu, domin a watan Yuni manhajar hukumar cunkushewa take yi. Rasit da bauca da bayanan banki a ajiye su aƙalla shekara shida.